Maƙwabciyata Ba Ta Cin Tarwaɗa

Assalamu alaikum Hajiya. Ki gafarce ni da na ɗora miki damuwata, na san masu manyan matsaloli suna jiran ki, tawa kuwa maganar tukunya ce. Amma ta hana ni sukuni, don Allah ki taimake ni. Allo na yi, ban yi boko ba, ɗiyata Rahamatu ke rubuta min.

A Yelwan Yawuri muke. Maigidana masunci ne, kakanninsa ma haka. Bayan gidanmu akwai wata Baturiya, Rahila muke ce mata, mijinta yana cikin masu aikin binciken kifi a tafki, sai ya yi kwanaki wajen garin Wara bai dawo ba. Ita ta karanci aikin ungozoma. Lokacin da naƙuda ta yi wa matar ƙanena tsanani, Rahila ta shigo ba takalmi, ba ta fita ba sai da uwa da ɗa suka rabu lafiya. Ban manta ba.

Yanzu ga ta kwance, zazzaɓi ya kayar da ita, kukunta kuma ya tafi garinsu. Maigidana ya zaɓo tarwaɗa mafi ƙiba, ya hana 'yan kasuwa, na yi farfesu na aika. Washegari na aika tuwon shinkafa da miyar nama, na kwarara man shanu ban ji tausayinsa ba. Kwanuka suka dawo a wanke. Ashe maigadinta ke ci, matarsa ce ta zo tana yaba min hannu.

Na daure na tafi da kaina. Wallahi Hajiya kunyarta ta fi tawa. Ta ce ita Bayahudiya ce, suna da ƙa'idar abinci, kosha suke ce mata: ba su cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki, ba su haɗa nama da abin da ya fito daga nono. Wato abin da na ɗauka girmamawa, duka biyun haram ne gare ta. Shayi da ayaba take ta sha, wuyanta ya zama kamar mariƙin lema.

Ta nuna min littattafan girkinta uku, ta ce in ɗauki wanda nake so, na taho da su duka. Ɗaya babba ne mai hotuna masu launi. Ɗaya ƙarami, rubutu zalla, Rahamatu ta ce rabinsa dokoki ne. Na ukun tsoho, bangonsa ya cire, duk tabon mai. Rahamatu mai hotunan take so, sai ta karanto min wani girki da ake zuba giya a ciki, gabana ya faɗi, na ce a rufe. To shin ya halatta musulma ta dafa daga littafin Yahudawa? In ya halatta, wanne zan bi? Maigida ya ce wadda ta raina tarwaɗarsa a bar ta. Ina jin nauyin tambayar malamin unguwa, kin san magana ba ta kwana. Ni dai tsorona ta ƙarasa lalacewa ina bayan katanga da tukunya cike. Ki amsa min da wuri don Allah.

Mai Neman Fita Hakki, Yelwa.

Wa alaikumus salam, Yaya. Maganar ciyar da majinyaci ba ƙarama ba ce.

Na farko, ki kwantar da hankalinki. Malaman da na tambaya sun ce abincin Ma'abota Littafi halal ne gare mu, namu halal ne gare su, sai abin da addininmu ya hana da sunansa. Littafin girki ba littafin ibada ba ne. Inda aka ce a zuba giya, ki tsallake shafin. Tsoron da kika ji yana kan hanya, amma shafi ɗaya bai ɓata littafi ba.

Na kuma tambayi wata abokiyar aikina da ta zauna a gidan Yahudawa lokacin karatunta a Ingila. Ta ce littafin kirki shi ne wanda ya fara da abin da ba a yi, kafin ya faɗi yadda ake yi. Saboda haka ƙaramin nan Rahamatu za ta fara karanta miki, a hankali. Mai hotuna ki mayar. Yawanci kayan da yake nema ba za ki same su a kasuwar Yelwa ba, sai ɓacin rai. Girkin kuwa daga tsohon za ki ɗauka. Littafin da mai ya ɓata, an ci daga cikinsa an ji daɗi, kuma shafin da ya fi tabo shi ne abin da bakinta ya saba da shi. Mara lafiya abin gida yake marmari.

Nama ki bar shi gaba ɗaya, domin yankansu ma da ƙa'idarsa. Ki tsaya kan karfasa da giwan ruwa masu ɓawo, da ƙwai, shinkafa, wake da ganye, ki dafa da man gyaɗa. Ki sayi sabuwar tukunya da cokali da kwano, ki keɓe mata. Sannan ki tambaye ta, don ba duka suke tsanantawa daidai ba. Wasu ma sun fi so su kunna wutar da hannunsu. In haka ne, ki yi girkin a gidanta. Na Asabar ki kai shi ranar Juma'a kafin rana ta faɗi, domin ba su girki a ranar.

Maigida yana da uzuri, kyautarsa ce aka ba maigadi, dole ya ji zafi. Amma ki tambaye shi cikin ladabi: in shi ne a ƙasar wasu, aka kawo masa abin da Allah ya hana shi a kwano mai kyau, zai ci don kada mai gida ya ji haushi? Daga nan ki roƙe shi ya zaɓo karfasar da kansa.

Kada ki jira a gama karatun littafi. Yau ɗin nan ki dafa ƙwai da ɓawonsa a sabuwar tukunya, ki kai mata, ki zauna har ta ci. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.