Igiyar da Muka Ɗaure a Turke

Zuwa ga Alhaji, ɗan kwangilar da ke gina benen shaguna a bakin titin Shagari.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya, aiki kuma yana tafiya. Sunana Umaru, mai yaɓen siminti daga Bodinga. Ba lallai ka gane ni ba, domin kullum ka zo ƙafafuna kawai kake hangowa a sama. Ni ne wanda ya faɗo ranar Talata. Ina rubuto maka ne a kwance, saboda ƙanena Bello yana nan yana hawa dandamalin da ya kayar da ni.

Na farko, mun gode da bel ɗin tsaro da ka aiko mana, kowanne da doguwar igiyarsa. Mai kula da aiki ya raba mana, ya ce kowa ya ɗaura a jiki ya kuma ɗaure igiyar a abu mai ƙarfi, daga nan ya hau babur ya tafi ɗaurin aure a Dandin Mahe. Iyakar karatun da aka yi mana ke nan.

To Alhaji, mu manoma ne masu kiwo, rani ne ya kawo mu gini. Tun muna yara, in an ce a ɗaure abu kada ya tafi, turke ake kafawa a ƙasa. Haka muka yi. Muka saro itace, kowa ya kafa nasa a gindin bango, ya ɗaure igiyarsa, ya hau sama yana janta a baya. Masu wucewa kasuwa har tsayawa suke yi suna yaba mana. Kai ma ka zo ka ɗauke mu hoto daga cikin mota, ka ɗaga mana hannu.

Na biyu, katakon da muke takawa. Guda ɗaya ne, ba ƙusa, ba abin dafawa a gefe, kuma ya fi ni tsufa. Na juya zan karɓi kwanon siminti sai ya juya tare da ni. Ina shaida maka ƙullin da na yi bai kwance ba, turken ma ko motsi bai yi ba. Ni da igiyar muka sauko tare, ta ma riga ni isowa. Allah ya taimake ni na dira kan tulin yashi, abin ya tsaya a ƙugu. Mai ɗori na Sifawa ya ce in manta da huɗar bana.

A kan tabarmar nan na gane cewa igiyar a sama ake ɗaure ta. Na faɗa wa Bello. Ya ce a saman me? Babu komai can sai sandunan dandamalin da su ma lilo suke yi. Ya ƙara da cewa wanda ya faɗo ba ya koyar da hawa. Abin da ya koya daga faɗuwata shi ne ya kafa turke na biyu. Yashin kuma an kwashe, bulo aka jibge a wurin.

Ina ba da labarin nan mutane na dariya, ni ma ina yi har ƙugu ya tuna mini. Amma kowace safiya in na ji Bello ya tayar da babur, gabana faɗuwa yake yi. 'Ya'yansa ƙanana ne, kuma shi kaɗai ya rage mai ƙafa a gidanmu.

Roƙona, ranka ya daɗe, a kafa ƙarfe mai ƙwari a sama inda za a maƙala igiya. A ƙara katako, a buga masa ƙusa, a sa abin dafawa. A turo wanda ya san aikin ya hau da kansa ya nuna musu, a ranar da ba ɗaurin aure. Kafin a yi haka, don Allah a sauko da Bello ya yi kwaɓi a ƙasa.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa a gama ginin lafiya. Ranar da za ka hau benenka, Allah ya sa ka sauko ta matakala.

Wassalam,
Umaru mai yaɓe, Bodinga.