Ina Jego Ɗan'uwana Ya Juya Min Tsarin Darussa

Assalamu alaikum 'yan zaure, da Musulmi da Kirista ina gaishe ku duka. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, kuma na san halina, in na yanke hukunci cikin fushi ba ya yin kyau.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a nan Lafia, a Akurba nake zaune. Ina da ɗan'uwa, bari in kira shi Danladi, ɗan yayar mahaifiyata ne, kuma uwarsa ce ta riƙe ni tun ina ƙarama, kwano ɗaya muka ci. Shi yana da kafe na intanet a cikin gari. Bara ya kawo shawara mu buɗe shafin karatu, shi ya kula da kwamfuta ni in tsara darussa, saboda tsofaffin malaman firamare na ƙauyuka da aka ce duk wanda bai gyara takardarsa ba, za a sallame shi, kuma yawancinsu lissafi ne ya kayar da su a jarrabawar.

Jama'a, rubuta darasin bai ba ni wahala ba kamar jera shi. Mutanen nan daga Adogi da Assakio suke zuwa, kowa malami ne kuma manomi, wani sai ranar da ya samu motar kaya yake shigowa gari. Don haka na zauna da su ɗaya bayan ɗaya kafin in sa komai. Na fara da lissafin da suka sani, mudu da buhu da ƙwaryar doya, daga nan na shiga da su kashi da rabo a hankali. Abubuwa masu nauyi kamar aljabra na ajiye su lokacin da gona ta yi sauƙi, lokacin haƙar doya kuwa maimaici kawai na sa. Kowane darasi yana nan a buɗe har mutum ya samu zuwa, ba hoto ba bidiyo saboda netiwok ɗinmu kun san shi, kuma ba ka wucewa gaba sai ka ci ɗan gwajin na baya. Danladi yana min dariya wai na yi manhaja da kalandar doya, ni ma ina dariya, don gaskiya ne.

Da haihuwa ta zo sai na miƙa masa lambar sirrina, na ce ya riƙa duba min saƙonni har in tashi. Ina jego wata ɗalibata, Mama Rifkatu daga Adogi, ta zo barka. Mace ce da ta kusa haifata. Ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, sannan ta ce, "Malama, ni ban yi fushi ba, amma me na yi maki? Na biya mota na zo kafe, kwamfuta ya ce lokaci ya wuce, na faɗi. Da sunanki ya rubuta."

Washegari na goya yaro na tafi kafen, na sa lambata ta ƙi shiga. Da na duba ta shafin Mama Rifkatu sai na ga an rushe komai. An jera darussan yadda suke a littafin makaranta, aljabra a gaba, kowane darasi yana rufewa da kansa in rana ta faɗi, wanda bai zo ba sifili. Sunana kuwa yana nan a sama a matsayin malamar kwas.

Da na tare Danladi bai ma yi musu ba. Wai wata makarantar kuɗi ce ta kawo yaranta da yawa, su kuma tsarin kullum suke so, kuma shafin ba zai ɗauki tsari biyu ba sai an sake gini. Wai bai faɗa min ba ne don kada hankalin mai jego ya tashi. Na tambaye shi me ya sa ya bar sunana, ya ce ai mutanen ƙauyen ni suka yarda da ita, in ya cire za su watse. Daga baya wani malami daga Assakio ya tabbatar min cewa Danladi da bakinsa ya ce musu ni na ba da umarnin canjin. Wannan ya fi komai ci min rai, na yi kuka a gaban mutane, abin da ban saba ba.

Na kai ƙara wurin Inna, uwarsa, ta ce in yi haƙuri, kafen ne ke ciyar da gida, kada in kunyata ɗan'uwana a gari. Mijina kuma ya ce in cire hannuna kawai in yi renon ɗana.

To ga inda na tsaya. Tsohon tsarin yana nan a filash ɗina, kuma na san lambar sirrin Danladi, tun da ya fara taɓa kwamfuta bai taɓa canza ta ba. Zan iya shiga in mayar da komai yadda yake. Amma in na yi haka makin yaran makarantar nan zai goge gaba ɗaya, su kuma ba su yi min laifi ba, kuma na san daga ranar ba ni ba shiga gidan Inna. In kuma na yi shiru, jarrabawar malaman ta matso, an kulle musu fiye da rabin darussa, aikinsu ne zai tafi, kuma ni na bi su har ƙauye na ce su yarda da kwamfuta.

Mama Rifkatu ta aiko cewa za ta shigo gari satin nan, wai ta bar doyarta a gona tunda ta faɗa wa sauran malaman cewa Malama ta tashi, za ta gyara. Don Allah 'yan zaure, in shiga in mayar, ko in tara su in faɗa musu abin da ɗan'uwana ya yi da sunana? Me zan ce wa matar nan in ta sauka daga mota?