Likita Ya Ce Ba Kansa Ba Ce, Na Kasa Faɗa Wa Ɗana

Malama, don Allah ki taimake ni, abin da ke cin raina ba na iya faɗa wa kowa a gida.

Ni kafinta ne, shekarata hamsin da takwas. Wata biyar da suka wuce tari ya sa ni gaba, na ɗauka ƙurar katako ce, sai ranar da na ga jini a hankicina. Hoton ƙirji ya nuna ƙari a huhun dama, kamar ƙwan tantabara. Kowa ya ce kansa ce, wato ciwon daji, ni ma na sallama.

Babban ɗana shekara tara ba ma magana. Ni na kore shi daga shago a gaban mutane don ya ce ba zai gaji sana'ata ba, na faɗa masa maganar da uba bai kamata ya faɗa ba. Da ya ji ciwon, sai ga shi da jakarsa. Shi ya yi jinyata da aka yi min aiki. Yanzu har katako yake gogewa a shagon da ya rantse ba zai sake takawa ba. Wallahi na manta yadda kalmar Baba ke fita daga bakinsa sai yanzu.

Sati uku ke nan da na koma asibiti ni kaɗai. Likita ya tarbe ni da fara'a, ya ce sun duba abin da suka cire, ba kansa ba ce, ƙari ne da ba ya yaɗuwa, kuma sun fitar da shi duka. Wai shekara ashirin yana aiki bai taɓa karo da irinsa ba, sai da wasu masana suka tabbatar masa. Yana so ya rubuta rahoto a mujallar likitoci, ba tare da sunana ba, in na sa hannu.

Na fito ina kuka, ba na murna ba. Takardar sakamakon da likita ya ba ni tana nan ƙarƙashin gwangwanin ƙusoshi. In ɗana ya shigo shago, tarin ƙarya nake ƙaƙalowa, ni da furfurata. Mahaifiyarsa duk ta rame. Wurin aikinsa sun ce ya koma ƙarshen wata ko su ba wani kujerarsa, ya ce ba zai bar ni a wannan hali ba. Na san mutuwata ya zo wa, ba ni ba. In na faɗa zai tafi, in ya gano na ɓoye ya tafi ke nan har abada. Allah ya ba ni rai, na rasa yadda zan yi da shi.

Kafinta Mai Tarin Ƙarya

Malam Kafinta, barka da arziki, tunda ka hana mutanen gidanka su yi maka.

Tsoronka ba shirme ba ne, kuma ba zan yi maka alkawarin ba zai ji haushi ba. Amma duba abin da shirunka ke ci: lafiyar matarka da aikin ɗanka. Ka taɓa korarsa daga sana'a ɗaya, kada ka raba shi da ta biyu. Kuma mai zuwa ganin ƙarshen uba gefen gado yake zama, ba ya ɗaukar katako ya goge.

Na lura duk cikin wasiƙarka ba ka ce ka nemi gafararsa ba. Tarin nan shi ka sa a madadinta. Gobe ka fara sanar da mahaifiyarsa, sannan ka zaunar da shi a shagon, ka ba shi haƙuri kan maganar shekara tara, ka miƙa masa takardar, ka faɗi ranar da ka karɓe ta da dalilin ɓoyewar. Rahoton likita kuwa zaɓinka ne, amma zai iya sa a gane ciwon wani da wuri. Ku je tare, ɗanka ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Bayan haka ka sallame shi ya koma aikinsa da bakinka. A ganinka ya zo don mutuwarka, yanzu ba shi dama ya zo don kana raye.

Allah ya ƙara lafiya, ya daidaita tsakaninku.