Shafin da Ɓera Ta Ɓoye

Zuwa ga Goggona abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Umma da Baba suna gaishe ki.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Kin san halina, da na ji murya a kunne sai bakina ya mutu, ai ke kika raɗa mini Shiru-shiru. A takarda kuwa ba mai kallona.

Ƙarar autarmu na kawo, wadda kike kira Ɓera, kuma wallahi sunan ya bi ta. Ni dai ba na fara littafin soyayya sai na leƙa shafin ƙarshe na tabbatar sun auri juna, don zuciyata ba ta ɗaukar wahalar banza. To na samu wani sabo mai kauri, kafin in buɗe shi ta yage shafin ƙarshen ta ɓoye. Wai sai na kira ta Yaya a gaban Umma za ta ba ni. Yarinyar da na ba shekara shida! Na ce sai dai ta tsufa da shi. Na duba ƙarƙashin katifa, cikin takalmanta, har gwangwanin allurar Umma, babu. Yanzu ina tsakiyar littafin, saurayin ya yi tafiya, ban san ko zai dawo ba.

Ki ja mata kunne, don kwanan nan shiririta take ji. Malamarsu ta aiko cewa rubutunta ya koma kamar tafiyar kaza, ita da ke zuwa ta ɗaya. Kofi biyu ta saki a satin nan, da na yi mata faɗa sai ta tsaya tana kallona kamar ba da ita nake ba.

Ki gaida mutanen gidan.

Ƴarki,
Shiru-shiru

Goggona,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Baba ya ce ya sanar da ke muna asibiti, amma na san bai faɗa miki komai ba, shi ma bakinsa irin nawa ne.

Yau kwananmu goma sha ɗaya. Gadon Ɓera na jikin taga, ni nake zama da ita da rana idan Umma ta je gida, kafin ta dawo. Ashe ba sakin kofin take yi ba, hannun ne yake fizgewa. Yanzu har kanta da kafaɗunta, kamar wanda gyangyaɗi ya kwasa ya farka. Idan na ƙirga takwas sai ta yi. Na rasa yadda zan hana kaina ƙirgawa, ko a salla sai in ji ina yi.

Sun manna mata wayoyi a kai, sai da na tsefe kitson da na yi mata. Sun kuma ɗebi ruwa a ƙashin bayanta da allura. Shekaranjiya likitar ƙwaƙwalwa, wata mace mai gilashi da sanyin murya, ta zaunar da su Umma. Ni ina gefe ina ninke zani, ba wanda ya kore ni, don mutane mantawa suke ina wuri.

Ta tambaya ko Ɓera ta taɓa yin ƙyanda tana jaririya. Umma ta ce ta yi, tana wata bakwai, saura wata biyu a yi mata rigakafi. Likitar ta ce to ƙwayar cutar ce ba ta fita ba, ta laɓe a cikin ƙwaƙwalwa duk shekarun nan. Ta ce a jinin kowa akwai ƙwayoyi masu gadi, kamar sojoji, su ne suka kore ta daga sauran jiki a wancan lokacin. Yanzu sun ji motsinta sun shiga nemanta, ita kuwa tana bi ɗaki ɗaki ta ciki, ba ta fitowa fili. Su ba su kama ta ba, kuma ba su fasa yaƙin ba, ita tana ɓarna, su ma suna yi. Na ji tausayinsu, Goggo. Cetonta suka zo yi.

Na yi abin da na saba. Na leƙa takardar da ke rataye a ƙafar gadon, na kwafi sunan ciwon a tafin hannuna, na nema a wayar Baba. Na karanta har ƙasa. Da ban leƙa ba. A littattafaina wanda ya kwanta a asibiti buɗe ido yake yi ya kira sunan mai jinyarsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lokacin da Umma ta ce wata bakwai, ta kalle ni, sai ta yi maza ta ɗauke kai. Ni ma na yi ƙyanda, an sha faɗa mini, kuma ke kika zo kika yi jinyarmu. Don Allah wa ya fara a cikinmu? Ba zan iya tambayar Umma ba. Kada ki lallashe ni, gaskiya nake so.

Ki sa mu a addu'a.

Ƴarki,
Shiru-shiru

Goggona ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso ranar Talata, na gode. Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba.

Ban tuna komai a cikin abin da kika rubuta ba. Ban tuna na kwaso ƙyandar a makaranta ba, ban tuna an raba mu ɗaki ba. Kin ce kin fita shanya, kika dawo kika tarar na lallaɓa da zazzaɓina na kwanta kusa da Ɓera, na sa mata yatsana a hannu don ta daina kuka. Kin ce laifinki ne da kika bar ƙofa a buɗe, kin ce shekarata shida, kin ce ƙaddara ce. Na karanta duka, na kuma yarda da ke. Amma kwana biyu ban iya shiga wurinta ba, sai in kai ruwa bakin ƙofa in juya.

An sallamo mu tun makon jiya. Likitar ta ba da maganin rage fizgar, ta ce gida zai fi mata daɗi, ba ta ƙara komai ba. An mayar da gadonta falo inda iska take. Ta daina magana. Da cokali muke ba ta abinci, kaɗan kaɗan, sai an shafa mata wuya take haɗiyewa. Takalman makarantarta suna nan bayan ƙofa, ba wanda ya iya ɗauke su.

Ƙawata ta ajinmu ta kawo mini irin littafin nan, cikakke, wai in huta da zulumi. Na mayar mata ban buɗe ba. Nawa yana wurin mai shi.

Jiya da la'asar na shiga. Umma tana zaune tana yanke mata farce. Na durƙusa a gefen gadon, na sa yatsana a hannunta, na faɗa mata komai, cewa ni na kawo, ni na shigo ɗakin. Na ce ta yafe mini maganar da na yi, ta tsufa da shi ɗin, ina so ta tsufa da shi. Sannan na ce, "Yaya, ina shafina?" Sau uku na faɗa, da ƙarfi, yadda ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba. Umma ta ajiye abin yankan farcen ta rufe fuska da mayafi.

Ba ta juyo ba. Na ƙirga takwas, hannun ya fizge, na mayar da yatsana.

Amma Umma tana wurin, Goggo, ta ji da kunnenta. Ni na cika nawa sharaɗin. Saura ita.

Idan ƙafar ta bar ki, ki zo da wuri. Kowa yana gaishe ki.

Ƴarki,
Shiru-shiru, ƙanwar Ɓera