Direban Motar Coci

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya, da aikin asibiti. Ki gaida amaryata, ki ce mata tun da ta shiga makaranta ta manta da tsohon mijinta.

Ni ina nan. Ƙafafun sun ƙi. Daga gado zuwa kujerar bakin taga, iyakar tafiyata ke nan. Rabona da coci tun kafin damina, Jibin Ubangiji kuwa, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa, ya sha wuce ni.

Fasto ya zo jiya. Ya ce ikilisiya ta sami ƙaramar mota ta ɗaukar tsofaffi ranar Lahadi. Ya yi ta juya makullin babur ɗinsa a hannu, can ya ce, "Dattijo, gara ka ji daga bakina. Mai tuƙa ta mutumin nan ne." Na ce wane mutum, ko da yake na gane. Direban da ya kaɗe ɗana, mijinki, ne. Ya gama zaman kurkuku, a can ciki ya karɓi Almasihu, an kuma mayar masa da lasisinsa. Da aka nemi mai tuƙi, shi kaɗai ya ɗaga hannu.

Na ce zan yi tunani. Na zauna in yi, ban sami komai a kaina ba. Na dai ga bai kamata ki ji a bakin wani ba.

Allah ya kiyaye ku.
Baba

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, yaya jiki? A wurin aiki wasiƙarka ta same ni, a tsaye na karanta ta, sai da wata ta jawo mini kujera.

Don Allah kada ka shiga motar nan. Na yi magana da wani mai tasi a unguwarku, zai riƙa zuwa.

Dā ma labarin mutumin ya zo mini. An ce har shaida yake bayarwa a gaban jama'a, wai an wanke shi da jinin Yesu, mutane suna tafi. Shi an wanke shi. Ni kuwa da hannuna na wanke rigar ɗanka da aka ba ni a leda. Ni ma Kirista ce, Baba, na san abin da Littafi ya ce. Amma ban ga inda aka ce sai ka zauna a bayansa kana kallon ƙeyarsa ba.

Amaryarka ta ce ba mantawa ta yi ba, jira take ka sa haƙora.

'Yarka

*

'Yata,

Bayan gaisuwa, na gode da ɗawainiya. Mai tasin ya zo. Da ya ga matakalar gidan nan, ya kuma ga sai an ɗauke ni an sauko da ni, ya ce shi ba ɗan dako ba ne, ya tafi. Ban ga laifinsa ba.

Ranar Laraba mutumin ya zo da kansa. Na ce ya zauna, ya ƙi, ya durƙusa kusa da ƙofa. Ya ce, "Baba, ban zo don ka ce mini komai ba." Sai kuma ya kasa yin shiru. Ya ce kullum ya farka yakan gode wa Allah da ya ba da Ɗansa a kan gicciye domin irinsa.

Na ce, "Shi da yardarsa ya bayar. Ni ba a tambaye ni ba."

Ya yi kuka. Na kalle shi kamar yadda nake kallon ruwan sama ta taga. Kada ki ɗauka fushi nake yi. Fushi ma sai da ƙarfi. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta ban ƙara jin wani abu sosai ba, ko daɗi ko zafi.

Sai dai shekarun da na yi ina koyar da ajin baftisma, na sha gaya wa yara gicciye na kowa ne. Ban taɓa ce musu ban da wane ba. Ni ma ba da wani abin kirki na zo aka karɓe ni ba. Likita ya daina canja mini magani, ke kin fi ni sanin ma'anar wannan. Ina so in sha daga ƙoƙon Ubangiji kafin a kira ni.

Amma ke da yarinyar nan kaɗai kuka rage mini. Ba na son in yi abin da zai sa ki daina rubuto mini.

Alherin Ubangiji ya zauna tare da ku.
Baba

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Ni dai ban kai nan ba, ban kuma san ko zan kai ba. In ka je, kada ka ba ni labarinsa, ko ya rame ko ya yi ƙiba.

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na je. Goya ni aka yi aka sauko da ni. Motar tana tafiya a hankali har masu babur suna zagi.

An miƙo mini gurasa da ƙoƙo, na ci, na sha, na ce, "Na gode, Ubangiji." Da baki na faɗa. Zuciyar ba ta motsa ba, amma na faɗa, kuma ban ga alamar an ƙi karɓa ba.

Motar za ta dawo Lahadi mai zuwa.

Ki rubuto mini, ko layi ɗaya ne.

Baba