Inna, sun daki Malam Audu a gidanki

Assalamu alaikum Inna, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Bayan gaisuwa, ina rubuto miki ne da mummunan labari. Malam Audu, kurman nan na Zungur da ke kawo miki gyaɗa duk kaka, yana tsare a hannun 'yan sanda, kansa a fashe.

Bayan rasuwarki mun ba da gidan Fadaman Mada haya, muka koma Gwallameji. Shekaranjiya ya zo da buhunsa, ya wuce zaure kai tsaye kamar yadda kika sabar masa, tunda ba ya iya sallama. Matar gidan ta ƙwalla ihun ɓarawo, nan da nan unguwa ta taru. Suka yi ta tambayarsa, da bai amsa ba suka ce taurin kai ne, suka hau shi da duka. Akwai waɗanda suka san shi a wurin, Inna, suka tsaya suna kallo. Wallahi abin ya ƙi shiga kaina.

Ni ce fa kullum a gaban allo ina koya wa ɗalibai cewa ɗan Adam da haƙƙinsa ake haifarsa, ba gwamnati ke raba shi kamar taki ba. Akwai haƙƙin rai, akwai na mutunci, akwai na a ji ta bakinka kafin a hukunta ka, sai su ilimi da lafiya. Su haddace, su ci jarrabawa, kowa ya tafi gida. To wanda ba ya magana fa, ta ina za a ji ta bakinsa?

Na tuna ki a tsakar gida, kin ajiye muciya, ke da Malam Audu kuna hira da hannu, kina dariya har da ƙwalla. Da muka tsokane shi kika ce, “Ku rabu da shi, ya fi ku jin magana.”

Jiya na je ofishin 'yan sandan. Sun ce ba za su sake shi ba sai ya yi bayani, don haka na nemo mai fassara, gobe za mu koma tare. Da Malam Audu ya gan ni, ko ciwonsa bai nuna mini ba. Sai ya yi alamar ɗaurin kallabinki, ya buɗe tafin hannu, wato ina kike. Ashe labarin bai kai masa ba. Ke yake jira ki zo ki fitar da shi, ni kuwa na kasa gaya masa.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya haskaka kabarinki. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan tsaya a gabansa gobe.

'Yarki,
Jummai