Jijiyar Baba Mai Faci

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ka tuna abin nan da ke harbawa a cikin Baba, yana cewa tsutsa ce? Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ta ɗora masa na'ura, sai ga babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya a allo, ta kumbura wuri guda, tana bugawa. Shekara sittin da biyar tana aiki ba hutu, mu ba mu ma san da ita ba!

Ta ce kitse ne ya raunana jijiyar, kuma in ta fashe da wuya ya kai asibiti da rai. Amma ba ta kai a yi aiki ba tukuna. Ta ce ya daina sigari, ya sha maganin hawan jini, a riƙa aunawa duk wata shida. Baba har da dariya, wai shi mai faci ne, ya san taya mai ƙulu: a rage mata iska, ta ci gaba da tafiya. Ni dai tsoro nake ji.

Ƙanwarka.

Yayana,

Ina gaisuwa, ya yara?

Ashe ƙwayoyin hawan jinin nan bibbiyu Baba yake sha, wai rage iska yake! Jiri ya kayar da shi a shago. Da aka auna, kumburin ya wuce iyaka, sai aiki. Ya ce atafau ba mai tsaga masa ciki.

Likita ba ta yi gardama ba. Ta miƙa masa irin bututun da za a ɗinka masa a madadin wurin da ya kumbura. Ya ja shi, ya murza, ya ɗaga shi ga haske. Sannan ya tambayi yadda suke gane yoyo, tunda ba a tsoma mutum a bahon ruwa kamar taya. Ta ce jini suke saki a hankali, idonsu a kan ɗinkin. Ya ce wannan ta san aiki, a ba shi biro ya sa hannu.

Awa huɗu na yi a kan benci ina addu'a. Da ya farfaɗo na ɗora hannu a gefen bandejin, na ji babu harbawar nan, na zaci jinin ya tsaya. Sai likita ta kama yatsana ta ɗora a bayan ƙafarsa, mai kaushin nan da ka sani. Yaya, jini na bugawa a can, ta cikin bututun ya biyo. Na kasa ɗauke yatsana, sai kuka.

Ka zo ka taɓa da kanka.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.